Gurbi Shi Ne Li'irabi: Malamin Zaure da Jerin Kalmomin Turanci

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu koyar da Turanci a ƙasar Hausa, har ta kai ba a tsayawa a sake dubanta: wai jimlar Hausa da ta Turanci tsarinsu ɗaya ne, aikau a gaba, aikatau a tsakiya, karɓau a ƙarshe. Maganar tana da tushe. Tun daga maƙalar da Joseph Greenberg ya fitar a 1963, inda ya ɗauki harsuna 30, har da Fulatanci da Yarbanci, ya auna yadda kowanne yake jera kalmominsa, masana suka saba kasa harsunan duniya bisa mazaunin waɗannan abubuwa uku. A wannan rabon, Hausa da Turanci gida ɗaya suka faɗa. Wanda ya ce “Audu ya sayi doki” da wanda ya ce “Audu bought a horse” hanya ɗaya suka bi, daga mai saye zuwa sayen zuwa abin da aka saya. Sai dai kama da wane ba ta wane. Abin da ya isa hujja ga mai rarraba harsuna yakan zama tarko ga mai koyo, domin idan aka ce wa mutum hanya miƙaƙƙiya ce ba zai duba ƙasa ba sai ya ji shi a rami.

Wani malamin zaure a birnin Zariya ya faɗa wannan rami har sau biyu. Ya haura shekara 40, ya sauke Alƙur'ani tun yana yaro, ya karanci Ajurumiyya da Ƙaɗrun Nada, ya haddace Alfiyyar Ibn Malik, kuma bayan asuba da bayan la'asar ɗalibai sukan cika zaurensa suna ɗaukar fiƙihu da nahawu. Takarda ce kawai ya rasa. Yana son shiga jami'a ya yi digiri a Larabci, saboda makarantar da yake koyarwa da safe ta fara fifita masu digiri wajen albashi da muƙami, har wasu daga cikin yaran da ya koya wa babbaƙu da farfaru suka zama shugabanninsa. Ƙofar jami'a kuwa ba ta buɗuwa sai da kiredit a Turanci, ko da Larabci mutum zai karanta. Ya zauna jarrabawar kammala sakandare ta masu zaman kansu sau biyu, duka biyun D7 ya samu a Turanci, alhali C6 ake nema. A takarda tazarar mataki ɗaya ce. A gidansa kuwa shekara biyu ce, da kuɗin rajista da ya cire daga bakin iyali.

Ƙarancin kalmomi bai dame shi ba, domin mutumin da ya haddace baiti dubu ba ya tsoron ƙamus. Amma duk sanda ya rubuta insha'i, ɗan ƙanwarsa, wanda ya yi NCE a Turanci kuma ya ɗauki nauyin koya masa bayan isha'i, sai ya mayar masa da takardar ta yi jawur, kuma yawancin jan kibiyoyi ne: wannan kalma ta koma can, waccan ta dawo nan. Yaron ba shi da bayanin da ya wuce cewa haka Turawa suke faɗa. Malam kuwa bai saba karɓar hukunci ba dalili ba. A zaure, idan ɗalibi ya ce kalma marfu'iya ce, sai an tambaye shi abin da ya yi mata rufu'a.

Wata rana da daddare ya ajiye biro ya ce, “Kai yaro, wai ina li'irabin wannan harshe?”

“Allah gafarta Kawu, ai Turanci ba shi da li'irabi.”

“To da me suke bambance wanda ya doka da wanda aka doka?”

Tambayar ta fito ne daga abin da ya sani. A Larabci, Zaidu yana ɗauke da rufu'arsa, Amru yana ɗauke da nasabunsa, don haka ko an gabatar da Amru an jinkirta Zaidu, kowa ya san wanda ya sha duka. Yaron ya rubuta masa “The dog bit the boy”, ya rubuta “The boy bit the dog” a ƙarƙashinta. Kalmomin biyar ne a kowane layi, babu harafin da ya sauya, amma cizon ya koma wani baki. Malam ya daɗe yana kallon layukan biyu, sannan ya ce, “Ashe gurbi ne li'irabinsu.”

Ko bai sani ba, abin da ya hango tarihin harshen ne a dunƙule. Tsohon Turanci, na kafin Normawa su ci Ingila a 1066, yana da alamomin li'irabi a jikin suna da mafayyaci. Sarki idan shi ne aikau “se cyning” ne, idan karɓau ne “þone cyning”, kuma saboda haka kalmomi suna da sararin motsi fiye da na yau. A ƙarnukan da suka biyo baya ƙarshen kalmomi ya lalace, alamomin suka zube, nauyin da suke ɗauka ya koma kan jerin kalmomi. Ragowar tana nan a wakilan suna, irin “he” da “him”, ko “she” da “her”. Da yaron ya nuna masa waɗannan, Malam ya yi murna irin ta wanda ya ga ɗan garinsu a tasha, ya ce ga marfu'i ga mansubi.

Mai nazarin Hausa zai yi saurin cewa ita ma Hausar ba ta sa wa suna alamar li'irabi, kuma “Kare ya ciji yaro” da “Yaro ya ciji kare” gurbi ne ya raba su. Haka ne. Amma Hausa tana da wasu shaidun da Turanci ba shi da su. Zagin aikatau yana nuna jinsi da adadin mai aikin, ta yadda ko an ce “Yaron, kariya ta cije shi”, wannan “ta” ta riga ta tona mai cizon. Aikatau kansa yakan sauya ƙarshe ya faɗi abin da ke biye da shi: ya sayi doki, ya saye shi, abin da ya saya. Waɗannan su ne suke ba Bahaushe damar ɗaga kalma daga mazauninta ba tare da jimla ta rikice ba. Malam yana yin wannan tun da ya buɗe baki, amma bai taɓa yi wa jimlar Hausa li'irabi ba. Larabci yake yi wa, domin shi aka koya masa cewa yana da nahawu.

Hanyar da suka koma bi daga wannan dare daga zaure ta fito. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya san Hausar karatu dabam take da ta kasuwa. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara kalma bayan kalma, yana bin sahun Larabci ko da Hausar za ta karkace: “ya tashi, shi Zaidu”, “ya doka, shi Zaidu, wa ya doka? Amru.” Wannan “shi” ko “ita” da ake sakawa gaban fa'ili aikinsu su nuna wa ɗalibi mai aikin, tunda tsarin Larabci ya kai shi bayan aikatau. An sha yi wa irin wannan Hausa kallon gurɓatacciya, alhali dabarar koyarwa ce da ta daɗe tana aiki: ana lanƙwasa harshen gida da gangan domin ɗalibi ya ji siffar baƙon harshe a kunnensa. Malam ya ce wa yaron, “Kai za ka ja baƙi, ni in fassara. Inda duk Hausar ta karye, nan ƙa'idar take.” Yaron ya yi jim, domin an hore shi a kan cewa shigar da Hausa ajin Turanci laifi ne, irin laifin da ake cin tarar yara a kansa a makarantun kwana. Amma ba a musu da kawu.

Wurin da Hausar ta fara karyewa yankin suna ne. Yaron ya karanta “three white horses”, Malam ya fassara “uku, farare, dawaki”, suka yi dariya. “Groundnut oil” ya fito “gyaɗa, mai”. “School bus” ta fito “makaranta, mota”. “Audu's horse” ya fito “Audu, doki”. A kowane misali, kalmar da Bahaushe yake fara kamawa, wato jigon yankin, ita Bature yake ajiyewa ƙarshe. Da suka iso kan sunan jarrabawar da ta kayar da shi, “senior school certificate examination”, Malam ya ce a dakata, ya sa yatsa a kan kalmar ƙarshe ya biyo baya: jarrabawar, takardar shaidar, makaranta, babba. Hausa ta fito sumul. A wani littafin rubutu da ya ware don wannan karatu, wanda da ajami yake cika shi, ya rubuta cewa Turanci daga hagu ake rubuta shi, amma yankin sunansa daga dama ake kwance shi. Abin da ya ƙara rikita al'amarin a baya shi ne Hausa tana ba sifa kujera biyu, “farin doki” da “doki fari”, tana ba nunau biyu, “wannan doki” da “dokin nan”. Mai koyo yakan dace rabin lokaci ya kuskure rabin lokaci, ya kasa gane abin da ya bambanta ranar yabo da ranar jan biro. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa a nan Hausa zaɓi ta ba shi, Turanci kuwa bai ba shi ba.

Sai zagin aikatau. Malam yakan rubuta “My brother he went to Kano”, yaron ya soke “he”, washegari ta dawo. Da aka ja baƙin “My brother went to Kano” ya fito “ɗan'uwana, tafi, Kano”, nan take ya ji giɓin, domin jimlar Hausa a shuɗaɗɗen lokaci ba ta tsayuwa sai da “ya”. Ya daɗe yana ɗaukar “ya” a matsayin “he”, alhali “ya” ɗin ba maimaita aikau take yi ba, lokaci da jinsi da adadi take ɗauke da su, kuma Turanci ya zuba lokacin a cikin “went”. Ya fassara wa kansa abin da harshen nahawun da ya sani: lamirin a Hausa bayyananne ne, a Larabci yakan ɓuya a cikin fi'ili, a Turanci kuwa idan suna ya zo babu shi sam. Irin wannan ce ta faru da ganga dogarau. “Mutumin da na ba shi kuɗi” yakan fito masa “the man that I gave him the money”, kuma a nan Larabci ma yana bayan Hausa, tunda nahawunsa yana neman lamirin da zai koma ga abin da ake sifantawa. Malam ya ce shaidu biyu adilai sun tsaya, alƙali ya ƙi karɓa. Ya dai bi hukuncin.

Wasu wuraren ba su ɗauki lokaci ba. Hausa tana sa wanda aka yi wa aiki dab da aikatau, “ya bayyana mini darasin”, shi ya sa “he explained me the lesson” take zuwa da sauƙi, sai da ya haddace aikatan da suke yarda da wannan jeri, irin “give” da “tell”, da waɗanda ba sa yarda. Korewa kuma ya gane ta a dare ɗaya, ko da yake ya ce jimlar da aka kore ta da “not” tun daga tsakiya, ba a rufe ta da “ba” a ƙarshe ba, tana yi masa kama da ɗakin da aka bari a buɗe.

Tambaya ce ta ci masa watanni. Bahaushe idan zai tambayi abin da amsarsa i ce ko a'a, ba ya taɓa jerin kalmomi. “Sun tafi” da “Sun tafi?” murya ce ta raba su, in an so a ƙara “shin” a gaba ko “ko” a ƙarshe. Idan kuma tambayar bayani ce, kalmar tambaya takan zo gaba, zagi ya sauya siga: “Sun sayi doki”, “Me suka saya?” Turanci yana neman abin da ya fi haka. Kalmar tambaya ta zo gaba, wannan Malam ya saba da shi. Sannan mataimakin aikatau ya tsallake aikau ya zauna gabansa. Idan kuma jimlar ba ta da mataimaki, sai a nemo “do” a ɗora masa lokacin, a bar aikatau tsirara: “What did they buy?” Malam yakan rubuta “What they bought?”, wadda rabin aikin ce, ko “What did they bought?”, inda aka biya kuɗin lokaci sau biyu. A littafinsa na ajami ya raɗa wa “do” suna ɗan dako, saboda ba shi da kayan kansa, na wani yake ɗauka ya kai gaba. Sunan ya dace da tarihi ma. A zamanin Shakespeare, ƙarshen ƙarni na 16 da farkon na 17, ana iya yin tambaya da ɗan dakon ana iya yi ba shi, aikatau kansa ya tsallako gaban aikau. Daga baya ne ya zama dole.

A nan ne kuma dabarar jan baƙi ta nuna iyakarta. Da aka karanta “Will they go”, fassarar kalma bayan kalma ta ba da “za, su, tafi”, Hausa lafiyayya wadda ba ta karye ko'ina ba, kuma labari ce ba tambaya ba. A lokaci mai zuwa Hausa takan sa “za” gaban lamiri, saɓanin “suna” da “sukan” inda lamirin yake gaba. Ke nan jerin da yake alamar tambaya a Turanci shi ne jerin labari na yau da kullum a Hausa. Kunnen Malam bai ji komai ba, sai da yaron ya lura cewa kawunsa yana karanta irin waɗannan jimloli a sassan fahimta kamar an tabbatar da tafiyar.

Bayan ya ƙware a musayar gurbin, sai wani sabon kuskure ya ɓullo wanda da ba ya yin sa. Ya fara rubuta “I do not know where is he going.” Ya koyi cewa bayan “where” mataimaki yakan riga aikau, ya bi ƙa'idar har inda ba ta kai ba, domin idan tambaya ta shiga cikin wata jimlar Turanci yakan warware musayar ya mayar da kowa gurbinsa. Yaron ya ɗauka kawunsa baya yake komawa, alhali gaba ya ci. Binciken da Manfred Pienemann da Malcolm Johnston suka yi a Ostareliya cikin shekarun 1980, a kan manyan mutane da suka yi ƙaura zuwa can suna koyon Turanci, ya nuna cewa masu koyo sukan bi matakai a jere wajen gina tambaya. Sukan fara da jimlar labari da ɗaga murya, su koma sa kalmar tambaya a gaba ba tare da musaya ba, sannan musayar ta zauna, kuma warware ta a cikin tambayar da aka saƙa a wata jimla shi ne matakin ƙarshe. Waɗannan mutane ba su san Hausa ba, amma ramukan da suka faɗa su ne Malam ya faɗa.

Wannan ya isa ya sa a yi hattara da wata al'ada da ta yi yawa a kundayen ɗalibai, inda duk kuskuren da Bahaushe ya yi a Turanci sai a rubuta shi a asusun tasirin harshen uwa. Ra'ayin Robert Lado ne na 1957, cewa inda harsuna biyu suka bambanta nan wahala take, kuma tun 1967 Pit Corder ya nuna cewa kuskuren mai koyo sau da yawa shaida ce ta tsarin da yake ginawa a kansa. “My brother he went” da “the man that I gave him” ana iya bin sawunsu har gidan Hausa. “Where is he going” da ta shiga inda ba a gayyace ta ba kuwa Turanci ne ya haifi abarsa. Mai binciken da bai raba waɗannan biyun ba ya ɗora wa Hausa laifin da ba nata ba, kuma ya bar malamin aji ba tare da sanin wanda bayani zai gyara da wanda sai lokaci ba.

Duk waɗannan ƙa'idoji ne, ana koyonsu a wuce. Abin da ya taɓa Malam a zuci wani ne dabam. A Hausa, farkon jimla mazaunin girma ne. “Sun sayi doki” labari ne kawai. “Doki suka saya” gyara ne ga wanda ya zaci jaki ne. “Jiya suka sayi doki” magana ce a kan ranar, “Su ne suka sayi doki” magana ce a kan masu sayen, “Dokin kuwa, sun saye shi” ɗauko zance ne da aka riga aka fara. Nahawun harshen gaba ɗaya yana yi wa wannan motsi hidima: “sun” ta koma “suka”, “sayi” ta koma “saya”, dirka ta tsaya bayan abin da aka ƙarfafa in an bukace ta, ga “kuwa” da “dai” da “kam” da “ma” da “fa” kowace da irin nauyinta. A Larabci kuma Malam ya karanci babin gabatarwa da jinkirtarwa a balaga, ya san cewa gabatar da abin da haƙƙinsa jinkiri ne yana ba da ma'anar keɓancewa. Harsunansa biyu sun haɗu a kan cewa mai magana yana nuna abin da ya dame shi ta wurin abin da ya sa a gaba. Da ya rubuta “A horse they bought”, kibiya ta mayar da dokin ƙarshe.

Bature yana yin wannan aiki da murya. Yakan bar kalmomin a inda suke ya danna wadda yake nufi, kuma dannawar ba ta fitowa a rubutu. Wanda ya koyi harshen daga takarda, ba daga bakin masu shi ba, ba shi da hanyar ganin ta. Yaron, don gudun asarar maki, ya ba da shawarar da yawancin malamai suke bayarwa: “Kawu, a jarrabawa ka fara kowace jimla da aikau, kada ka yi kasada.” Shawarar ta rage jan biro ƙwarai. Amma da suka gwada wasiƙa irin wadda ake yawan tambaya, zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma a kan rijiyar burtsatse da ta lalace, abin da ke bakin Malam shi ne “Ruwa muke nema, ba alkawari ba.” Abin da ya sauka a takarda shi ne “We need water. We do not need promises.” Babu kuskure ko ɗaya. Ya karanta ya ture takardar, ya ce wannan maganar wanda bai taɓa jin ƙishirwa ba ce.

Mutumin da yake tsayawa gaban jama'a ya yi magana a saurara, a Turanci ya koma mai jera jimloli kamar bulo, kowace daidai da 'yar'uwarta. Irin wannan asara ba ta fitowa a sakamakon jarrabawa, kuma da wuya a ga an ambace ta a kundayen nazarin kurakurai, tunda ba kuskure ba ce. Amma duk wanda ya duba rubutun Turanci na ɗaliban da suka taso da Hausa, har na manyan digiri, zai ga alamarta: jimloli lafiyayyu da ba a san inda marubucin ya sa nauyinsa ba.

Sai daga baya, a cikin wani sashen fahimta na tsohuwar takardar jarrabawa, suka ci karo da jimla mai farawa da “What we need is”, Malam ya tsayar da karatun. Ya fassara, “abin da, muke, nema, shi ne”, Hausar ba ta karye ba. Ya koma kan wasiƙarsa ya rubuta “What we need is water.” Daga nan suka bi sawun sauran hanyoyin, irin “It was a horse that they bought”, da jimlar da ake juyawa a fara da karɓau domin a ajiye mai aikin a ƙarshe. Ya lura cewa a rubutun Turanci sabon bayani, wanda ake so mai karatu ya riƙe, yawanci ƙarshen jimla yake nufa, abin da masu nahawun harshen suka daɗe da bayyanawa. Ya rubuta a littafinsa cewa Hausa liman take yi da muhimmiyar kalma, ta sa ta gaban sahu, Turanci kuwa sarki a hawan salla yake yi da ita, sai tawaga ta gama wucewa ya bayyana.

Babu abin da Malam ya gano wanda ba ya cikin littattafai. Galadanci ya zayyana yankin sunan Hausa tun 1976, Bagari ya yi bayanin ginin jimla da Hausa a 1986, Newman a 2000 da Jaggar a 2001 sun yi dogon bayani a kan ƙarfafawa da sauyin zagi. Kalmomin fannu ma an tanada: aikau, karɓau, zagi, dirka, madanganci, ganga. Sai dai duk suna zaune a sassan Hausa, ajin Turanci kuma yana can wani ginin. Mai koyar da Turanci a ƙasar Hausa ba a neman ya san nahawun harshen ɗalibansa, wanda ya karanci nahawun Hausa kuma ba a tambayarsa komai game da Turanci. Ɗan ƙanwar Malam ya yi shekara uku a kwaleji bai taɓa jin kalmar zagi da wannan ma'ana ba, shi ya sa kibiya kawai yake da ita. Da akwai ɗan ƙaramin littafi da Hausa, mai jera wuraren da tsarin harsunan biyu ya rabu yana kiran kowane abu da sunansa, da wani malamin zaure bai sake ƙirƙiro kwatancin da ajami a shekara 40 da ɗoriya ba.

A zama na uku ya samu C6. Ya shiga jami'a, yana zuwa lacca da safe yana komawa zaurensa da la'asar, littafin ajamin kuma yana cikin gafaka tare da sauran. Yankin suna ya zauna masa, ɗan dako ya san aikinsa, “he” ɗin da ke bin suna ta daina dawowa. Abu ɗaya ne ya ƙi tafiya. Idan yana sauri, ko ransa ya ɓaci, har yanzu yakan rubuta “I want to know what is the reason.” Yaron ya yi ta gyarawa, daga baya ya bari, domin ya ji wannan jeri a rediyo daga bakin masu digiri biyu da uku, ya gan shi a takardun ofis masu hatimi, daga mutanen da Hausa ba harshensu ba ce. Da Malam ya tambaye shi ko kuskure ne ko kuwa Turancin ƙasar ne ya zaɓi haka, sai ya ce a wurin masu duba jarrabawa dai har yanzu ana cire maki.